Yunit ɗinmu ɗaya da maƙwabcina, me ya sa rukuninmu ya bambanta?

Mai Walda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da wurin walda da yankan ƙarfe, maƙwabcina kuma ɗakin sanyi gare shi. Mun gwama takardun kuɗin wutarmu, yunit ɗin da muka sha a wata kusan ɗaya ne, amma rukunin da kamfani ya sa ni daban, kuma cajin da ake mini ya fi nasa nesa ba kusa ba. Shi injinansa ba sa hutawa dare da rana, ni kuwa 'yan awoyi nake aiki. Da me ake raba mu? Abin yana damuna ƙwarai.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin wuta ba yawan abin da ka sha kaɗai yake dubawa ba, yana duba yadda ka sha shi. Bari in buga maka misali. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. Wanda ke jan kilowat 10 ba tsayawa zai ƙare wata da yunit 7,200. Wani kuma ya sha 7,200 ɗin nan, amma duk sanda ya kunna injinansa lokaci guda sai ya ja kilowat 50. Dole a tanadar wa na biyun tiransifoma da waya masu ɗaukar 50, ko da yawancin yini a zaune suke. Gada ai don motar da ta fi nauyi ake gina ta, ko sau ɗaya take wucewa a mako.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne a raba matsakaicin abin da kake ja da mafi girman abin da ka ja. Na farkon ya samu kashi 100 cikin 100, na biyun kashi 20. Mita ce ke kama wannan ƙololuwar, yawanci cikin tazarar minti 15 ko 30. Maƙwabcinka na kusa da na farko, kai kuma ina kyautata zaton kana wajen na biyu.

'Yar Akawu:
Sannu da ƙoƙari, Baba Injiniya. In ƙara da tsarin Birtaniya, don can na yi aikin lissafin wutar wasu kamfanoni kuma a fili suka tsara abin. Lambobi biyu na farko a layin sama na lambar MPAN, wato lambar shaidar layin wutar kowane gida ko kamfani, su ke nuna rukunin mutum. 01 da 02 na gidaje ne. 03 ƙananan masu kasuwanci ne da farashi ɗaya, 04 kuma masu mitar Economy 7, mai rangwamen awa bakwai na dare. Daga 05 zuwa 08 da wannan ma'aunin naku aka raba su: ƙasa da kashi 20, sai 20 zuwa 30, sai 30 zuwa 40, sai sama da 40. Dalilin rukunan shi ne tsohuwar mita jimla kawai take bayarwa, sai a yi amfani da rukuni a ƙiyasta wa mutum lokutan da ya sha wutar. Zuwa 2017 an mayar da 05 zuwa 08 kan karatun kowane rabin awa, ni kuma a ganina hakan ya fi adalci, tunda kowa abin da ya ja ake lissafa masa, ba na ire-irensa ba.

Mai Walda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To akwai abin da zan iya yi, ko haƙuri ne kawai?

Tsohon Injiniya:
Akwai, Malam. Fara da neman bayanan mitarka daga kamfani, ka ga wace awa ƙololuwar ke faɗowa. Sau da yawa da safe ne, lokacin da yara ke tayar da kwamfiresa da injin yanka da na walda a tare. Ka jera su bi da bi. Sannan in da kVA ake cajinka, wato ma'aunin duka ƙarfin da layi ke ɗauko maka, ba wanda ya yi aiki kaɗai ba, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya auna maka, domin injinan walda da motocin lantarki masu juya injina suna jan wuta fiye da aikin da suke yi, kuma wata na'ura da ake kira kafasito na rage wannan. In ƙololuwar ta sauka ta zauna 'yan watanni, ka rubuta musu takarda su sake duba rukuninka da ƙarfin da aka ware maka.