Daga kebul zuwa dish: waɗanda suka riga mu sauyawa, me kuka tarar?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara da shekaru muna kallo ta kebul, amma tashoshin da muke so da yawa ba sa cikin tsarin da muke biya, ga yawan ɗaukewa, shi ya sa na yanke shawarar komawa dish. Talabijin uku ne a gidan: falo, ɗakina da ɗakin yara, kuma duk akwai wayar kebul ɗin a cikin bango. Ina so in ji daga bakin waɗanda suka yi wannan sauyi. Wane girman dish zan nema? Wace risiba? Wayoyin nan na bango za su yi aiki ko sai an ja sababbi? Sannan da gaske ne da an fara ruwa hoto yake ɗaukewa? Wannan na ƙarshen shi ya fi damun maiɗakina.

Maman Walid:
Wa alaikumus salam Baban Sadiya. Kafin maganar kaya, ka duba takardar yarjejeniyarka da masu kebul ɗin. Mu intanet ɗinmu da talabijin a waya ɗaya suke shigowa, kuma dish ɗin kallo karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa, don haka ba zai ba ka intanet ba. Mun soke ɓangaren talabijin muka bar na intanet. Akwatin da suka ba mu ma aro ne, sai da muka mayar musu da shi har da rimot. Ka tambaya ko naka haka yake.

Na biyu, ka zaunar da mutanen gida kowa ya faɗi tashoshin da ba zai iya rabuwa da su ba, a rubuta. Da wannan takardar za a gano tauraron ɗan'adam da suke kai. Mu da muka rubuta sai muka ga tashoshin labarai na yankinmu guda biyu ba sa kan dish sam, sai ta eriya. Muka sayi risiba mai baki biyu, wadda ke karɓar DVB-S2 na dish da DVB-T2 na eriya, duka a rimot ɗaya. Surukata ba ta ma san an canza komai ba, tasharta tana nan a lamba ta farko.

Mai Saita Dish:
Hajiya ta faɗi gaskiya, tauraro ake fara sani kafin a sayi ko noti ɗaya. Ni sana'ata ce wannan, kuma gidajen da suka bar kebul matsalarsu kusan iri ɗaya ce, don haka bari in tsaya a kan talabijin ukun nan naka Malam, nan ne mutane suka fi shan wahala.

A kebul waya ɗaya ce ke shigowa ɗauke da duk tashoshi, sai a sa spilita a raba ta ɗaki-ɗaki, kowa ya kalli abin da yake so. Dish ba haka yake ba. Wannan abin da ke gaban dish ɗin, LNB, ba ya turo duk tashoshi a lokaci ɗaya. Kashi huɗu suke. Risiba ce ke gaya masa kashin da take so ta cikin wayar: idan ta tura wuta bolt 13 ya ba ta na tsaye, masu alamar V, idan ta tura 18 ya ba ta na kwance, masu alamar H. Akwai kuma wani sauti na kilohaz 22 da take turawa idan tana son rukunin sama, daga 11.7 zuwa 12.75 gigahaz, in ta yi shiru ya ba ta na ƙasa, daga 10.7 zuwa 11.7. To ka ga idan ka raba waya ɗaya wa risiba uku, ta falo tana neman H, ta yara tana neman V, LNB ɗaya zai bi. Sai ka ji yara suna cewa tasharsu ta ɓace duk lokacin da ka canza a falo. An kira ni gidaje da yawa a kan wannan, mai gida ya riga ya sauya risiba yana zaton ita ce ta lalace.

Maganin shi ne kowace risiba da wayarta tun daga kan dish. Talabijin biyu, LNB mai baki biyu. Kai mai uku ka sayi mai baki huɗu, wanda ake rubuta Quad a jikinsa, ɗaya ya zauna a ajiye. Ka lura da kyau, akwai Quattro, shi ma baki huɗu ne amma aikinsa daban: kowane baki kashi ɗaya yake fitarwa, sai an haɗa shi da akwatin rarrabawa, kuma na manyan gidaje ne masu ɗakuna da yawa. Masu sayarwa wani lokaci suna miƙa wannan a madadin wancan.

Idan fasa bango don jan waya uku ba zai yiwu ba, akwai tsarin Unicable, wanda ke ba kowace risiba layinta a cikin waya ɗaya. Amma sai LNB ɗin da risibobin duka sun san tsarin, ka tabbatar kafin ka biya.

Baban Sadiya:
Allah ya saka da alheri Malam, wallahi da spilita nake shirin saya. To wayoyin bangon fa, a cire su ke nan?

Mai Saita Dish:
Ba dole ba. Ka karanta rubutun da ke jikin wayar. In RG6 ce za ta yi. In RG59 ce, siririyar nan, tana zubar da sigina sosai in ta yi tsawo, domin abin da ke saukowa daga dish tsakanin megahaz 950 ne zuwa 2150, ya fi na kebul yawan megahaz. Abin da ya zama dole a cire shi ne tsofaffin spilita da abin ƙara ƙarfi na masu kebul. Yawancinsu a 1000 suke tsayawa, wasu kuma ba sa barin wuta ta wuce zuwa LNB. Sau da yawa a ɓoye suke cikin silin ko bayan soket, sai an bi wayar an gano inda aka raba ta.

Dattijo:
Maganar ruwa da maiɗakinka ta yi gaskiya ce, ɗana, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba. Na daɗe da dish. Da fari ƙarami aka kafa mini, mai santimita 60, wanda ya kafa ya ce ya wadatar. Da rani lafiya lau. Damina na sauka, hadari kawai zai haɗu hoto ya fara karyewa gida-gida, murya tana sarƙewa, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa an rubuta babu sigina. Da na sauya zuwa mai santimita 90 a kan tauraron nan dai, yayyafi da ruwa matsakaici ba sa taɓa shi. Sai ruwa mai ƙarfin gaske, shi ma 'yan mintoci ne ya dawo. Shawarata, duk girman da aka ce ya isa a wurinka, ka ƙara mataki ɗaya. Sai dai babban dish iska ta fi kama shi, don haka ƙarfen da zai riƙe shi ya zama mai kauri, a kafa shi a bangon siminti da kusoshi masu kyau, ba a jikin katakon rufi ba.

Ina kuma da babban nan na C-band, wato wani rukunin sigina daban da na ƙananan dish, mai mita 1.8 a tsakar gida. Shi ruwa bai cika damunsa ba ko kaɗan. Amma yana cin wuri, kuma in tashoshinka ba a can suke ba, ba ka da buƙatarsa.

Ummu Hafsa:
Baba, a yi mini afuwa, ni abin da na gani ya ɗan bambanta. Namu 90 ne tun farko, amma ko yayyafi aka yi sai ya ɗauke. Muka yi ta zargin girma, har ana cewa mu sayi 120. Da aka kira wani mai gyaran daban ya hau, sai ya sauko da kan wayar ya nuna mana: ruwa ya shiga ta wurin da aka ɗaura ta a LNB, zaren ciki ya yi kore, yana murmushewa a hannu. Wanda ya fara haɗawa bai sa robar rufewa ba, bai naɗe da tef ba. Ya yanke wajen taku ɗaya na wayar, ya sa sabon kai, ya rufe, sannan ya ɗan lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Ya kuma ɗan murɗa LNB ɗin a mazauninsa, inganci ya tashi muna kallo. Tun daga nan ba mu sake samun matsalar yayyafi ba. Girma yana da amfani, amma in aikin hannu bai yi kyau ba, babban ma ɗaukewa zai yi.

Dattijo:
Haka ne 'yata, ban musa ba. Duka biyun ake so.

Ɗan Auta:
Yaya Baban Sadiya, ni ɓangaren risiba zan taɓa. Akwatin kebul ɗinka ba zai yi ba, DVB-C ne, yarensu daban. Amma kafin ka sayi uku ka leƙa bayan talabijin ɗinka. Da yawa daga cikin na yanzu suna da bakin dish a jikinsu, mai zare da ake murɗa waya, an rubuta LNB ko SAT. Tamu ta falo tana da shi, waya kawai aka ɗaura, ba akwati ba rimot na biyu.

Sai ka yanke shawara: na kyauta kake so ko na biya? Risibar kyauta tashoshin da ba a kulle ba kawai take buɗewa. Za ka yi sikanin ka ga sunaye ɗaruruwa, amma masu alamar kulle ba za su nuna ba. In ƙwallo da sababbin finafinai ake so, mafi yawa a kulle suke, sai dikodar kamfanin da ke da su, kuma ita galibi nasu kawai take yi. Mu mun haɗa: ta biya a falo, ta kyauta a ɗaki. Duk wanda ya ce zai sayar maka da akwatin da ke buɗe komai ba biya, ka rabu da shi. Wani abokina ya saya, ba a jima ba duk suka rufe, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya.

Ka tabbatar an rubuta DVB-S2 da H.265 ko HEVC, wato sabon tsarin hoto, a jikin risibar. Tsofaffin da ke tsayawa a MPEG-2 ba sa nuna tashoshin HD, wani lokaci ka ji murya allo baƙi. In kuma kana son ɗaukar shiri kana kallon wani, risiba mai tuna biyu, wato mai kama tasha biyu lokaci guda, kake buƙata, ita kuma waya biyu take ci. Ka ga bakin nan na huɗu da Malam ya ce a ajiye ya samu aiki.

Abu Yasir:
Ba wanda ya yi maganar bishiya. Taurarin nan duk a saman layin ikwaita suke, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da duniya, shi ya sa ake saita dish sau ɗaya ya zauna. In kana arewa da layin, ɓangaren kudu dish zai fuskanta, in kana kudu ya fuskanci arewa. Tsakaninsa da tauraron ba a son komai. Namu an kafa shi lokacin da bishiyar maƙwabci ta kaɗe ganye, sigina cike. Da ta yi sabon toho rabin tashoshi suka tafi, sai da aka matsar da shi ɗaya kusurwar gidan. Ka sani kuma dish ɗin da aka saba gani, mai hannu a ƙasa, inda yake kallo ya fi inda fuskarsa ta nuna tsayi. Za ka ga kamar katanga yake kallo alhali sama da ita yake ɗauka. Akwai manhajojin waya da za ka ɗaga kyamara su nuna maka inda tauraron yake a sama, ka zagaya gidan da ita kafin a huda bango.

Ni taurari biyu nake kamawa, Nilesat da ke digiri 7 yamma da Badr da ke 26 gabas. Tazararsu ta yi yawa ga dish ɗaya ƙarami, sai na kafa biyu na haɗa su da ɗan akwatin DiSEqC, wanda ke ɗaukar har huɗu, risiba na zaɓa da kanta. Masu kallon Hot Bird a 13 da Astra a 19.2 gabas su kan yi da dish ɗaya tunda kusa suke. Na gwada dish mai inji da ke juyawa da kansa, yana aiki, amma jiran ya juya in ka canza tasha yana gundurar yara, kuma a gida mai talabijin uku ba zai yi ba, tunda inda ɗaya ya juya shi nan kowa zai kalla.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai. Na duba, wayar bangon RG6 ce, kuma talabijin ɗin falo tana da bakin. Akwai dai buƙatar sabuwar waya daga rufi zuwa inda aka raba tsofaffin. Malam, ta yaya zan gane mai kyau, kuma me zan duba ranar da za a kafa?

Mai Saita Dish:
Ka tafi da ɗan maganaɗisu. Ka kanga shi a zaren tsakiya, in ya manne ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in bai manne ba tagulla ce zalla, ita ta fi kai wuta ga LNB in tazara ta yi tsawo. Ka fere bayanta kaɗan ka ga saƙar ciki, mai kyau a cike take, marar kyau 'yan zaruruwa ne tsilli-tsilli.

Ranar aiki, a cire risiba daga wuta kafin a ɗaura ko a kwance waya, domin akwai wuta a cikinta. Zare ɗaya na saƙar nan in ya taɓa na tsakiya zai iya ƙona bakin risibar. A kuma ja wayar ƙasa daga ƙarfen dish ɗin saboda tsawa, musamman in a saman rufi yake.

A allo za ka ga layi biyu, ƙarfi da inganci. Ƙarfi yana iya cika ko dish ɗin bai kalli tauraro ba, LNB kawai yake nuna yana da rai. Inganci shi ne abin dubawa. Kada a nuna maka tasha ɗaya mai ƙarfi a ce an gama. Ka ɗauko takardar nan da Hajiya ta ce a rubuta, a bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, da V da H, a kunna talabijin ukun lokaci guda kowa yana canzawa. A sake duba ingancin bayan an ƙarasa ɗaure notuna, don ɗaurin kansa yana gusar da dish kaɗan. In kuma wajen watan Maris ko Satumba zuwa Oktoba ka ga hoto na ɗaukewa 'yan mintoci da rana, a kusan lokaci ɗaya kwanaki a jere, ba hadari ba iska, kada ka sa a taɓa dish ɗin. Rana ce ke ratsawa ta bayan tauraron, da kansa zai dawo.