Laftof ta tsaya a tsakiyar sabunta Windows: kowa ya faɗi yadda ya fita

Mai buga takardu, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, duk wanda ya shigo shagona da laftof maganarsa ɗaya ce, a ɗora masa 11. Injinan da ke hannunmu a nan kuwa galibi na hannu ne, wasu sun haura shekara goma suna aiki. Tawa ma haka take. An fara ɗora mata sabuwar, ta yi nisa, sai ta kashe kanta ta tashi, ta rubuta cewa tana warware canje-canjen da aka yi. Tun daga nan abin da take yi ke nan, ta mutu ta tashi, ba ta shiga ba, ba ta koma ba. A cikinta akwai takardun mutane da rubutun kammala karatu na ɗalibai da ban buga ba tukuna. Mai gyaran da na fara kai wa ya ce babu magani sai fomat, ni kuwa ban yarda ba. Don Allah wanda irin wannan ta taɓa samu ya faɗa mana irin injinsa, inda ta tsaya, da abin da ya yi da hannunsa. Ba na son ji-ta-ji-ta.

Mai gyara, Marwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika hana fomat. Amanar mutane ce a ciki, ita za a fara cetowa, maganar Windows ta zo daga baya. A injin da ya ƙi tashi haka, yawanci fayiloli suna nan daram, ƙofar shiga ce kawai ta lalace.

Hanya biyu nake bi. Ta farko, ina da filash da na sa wa Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne dabam da Windows. Ina tayar da injin daga kansa ba tare da na girka komai ba, in buɗe faifan, in shiga foldar Users, in kwashe komai zuwa wani faifai na waje. Maɓallin zaɓen inda za ta tashi F9 ne a HP, F12 a Dell da Lenovo. Idan kin ga foldar taki babu komai kada gabanki ya faɗi, ki leƙa Windows.old, sau da yawa can kayan suke idan aiki ya tsaya a rabi. Ta biyu, idan injin ya ƙi ko da wannan, sai in kwance murfin ƙasa in zaro faifan, in sa shi a ɗan akwatin USB in jona da wata kwamfutar. Abu ɗaya ke tare hanya, wato idan an kulle faifan da BitLocker, makullin Windows mai ɓoye bayanan faifai. Nan sai an samo lambar buɗewa mai lambobi 48, wadda galibi take ajiye a asusun Microsoft na mai injin.

Bayan kaya sun fita, ki kunna ta, da tambari ya bayyana ki danne maɓallin wuta har ta mutu. Ki maimaita sau biyu ko uku, za ta buɗe shuɗin allon gyara. A can akwai wurin cire sabuntawar da aka yi ta ƙarshe. Wanda tasa ta shiga 11 kuma take ba shi wahala, yana da kwana 10 da zai iya komawa baya daga saituna, bayan nan ƙofar ta rufe.

Amma ga abin da nake gani a teburina. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini, faifan ne dama ya gaji. Da Word da kallon bidiyo kawai yake yi, babu wanda ya lura. Ranar da aka ce ya karanta ya rubuta gigabait masu yawa a jere, sai ciwon ya fito, kamar tsohon jakin da ke zagaya gida lafiya sai ranar da aka ɗora masa buhun gero. Ki kara kunnenki a jikin injin yayin da take ƙoƙarin tashi. Idan kin ji ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake, to ki daina kunna ta haka kawai, duk kunnawa tana rage miki damar kwashe kaya. Akwai 'yar manhaja kyauta, CrystalDiskInfo. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa an gama.

Ɗalibi, Dang, Ngaundere

Ni wuta ce ta yi mini. Batirin tawa ya daɗe da mutuwa, da an zare caja take ɗif. Ina tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, kun san yadda ake yi da rani idan ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya. Da aka dawo da ita sai baƙin allo, wai babu abin da za ta tashi daga kansa. Wani yayanmu a unguwa ya zo da filash na girka Windows, ya zaɓi gyara maimakon girkawa. Gyaran da take yi da kanta bai yi ba. Sai ya buɗe baƙin allon rubuta umarni ya sake gina fayilolin tashi da bcdboot, ta tashi a tsohuwar Windows 10, ko fayil ɗaya ban rasa ba. Da za a sake gwadawa, shagon mai sola muka kai ta. Duk mai mataccen batiri kada ya fara wannan aiki a kan wutar gari.

Malamin makaranta, Gidar

Tawa ba ta maƙale ba, komawa take yi da kanta ta ba ni lamba, 0xC1900101. Ina roƙon kowa ya ɗauki hoton irin wannan lamba da waya kafin ta ɓace, domin ita ce ke faɗin ciwon. Wannan ta direba ce, wato manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura kamar firinta ko allo. Na zare firinta da ɗan modem da katin ƙwaƙwalwa, na cire wata tsohuwar manhajar kashe bairos da na tarar a injin tun ranar da na saya, na sabunta direban allo, sai ta wuce. Abokin aikina kuma 0x80070070 ya samu, wato wuri ya ƙare. Bidiyon bikin ƙanwarsa ne ya cika faifan.

Ɗan Kusuri

Ni ban ga abin wahala ba. Manhajar Rufus nake amfani da ita wajen haɗa filash na girka Windows, tana da akwatin da za ka latsa ya cire sharaɗin TPM 2.0 da Secure Boot, matakan tsaron da 11 ke nema a inji. Tawa Core i5 ce ƙarni na shida, a ƙa'ida ba ta cancanta ba tunda daga na takwas aka fara karɓa, amma ga ta nan tana gudu da 11. Na yi wa mutane da yawa a layinmu.

Mai gyara, Marwa

Ƙanena, gaskiya ne yana yi, amma ka riƙa gaya wa mutanen da kake yi wa sauran bayanin. Injin da aka tsallake masa sharaɗi ba shi da tabbacin samun sabuntawa, kuma babbar sabuntawar shekara ba lallai ta zo masa da kanta ba, wataƙila sai an sake bi da hannu. Na biyu, akwai iyakar da Rufus ba ya tsallakewa. Daga sigar 24H2, Windows 11 tana bukatar furosesa mai gane umarnin SSE4.2 da POPCNT. Core 2 Duo ba shi da su. An kawo mini irinsu, an yi fomat an share komai, sannan aka tarar ba za ta ma tashi ba. Mai ita ya rasa tsohuwar, bai samu sabuwar ba. Abin yana ci mini rai, domin minti biyu na duba sunan furosesa da ya hana wannan asara. Mai ram gigabait 4 da faifai mai juyawa kuma, ko ta shiga, jiran buɗe shafi zai sa shi ya tsani injin.

Ɗan Kusuri

Na ji Malam. Ban taɓa haɗuwa da Core 2 Duo ba shi ya sa. Zan riƙa dubawa.

Akawu, Njamena

Bari in kawo nawa, domin babu wanda ya ambaci zafi. A watan Afirilu na gwada, rana tsaka, ofis babu sanyi. Injin yana kaiwa wurin da aiki ya yi nauyi sai ya mutu tsit, babu shuɗin allo, babu lamba. Ƙasansa ba ya taɓuwa. Da aka buɗe, ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ke kan furosesa kuma ya bushe ya zama gari. Aka share, aka sa sabon mai, na ɗora ta a kan murafun kwalba huɗu don iska ta shiga ƙasa, na yi aikin bayan sallar isha. Ta gama lafiya.

Na biyun ya fi ba ni wuya kafin a gane. Wata tsohuwar ta ofis, bayan ta kwana biyu a ajiye babu caji, ta tashi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, muka ɗauka sabuntawar ce ta ɓata ta. Ashe ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS ne ya ƙare, irin mai kama da kwabo ɗin nan. Saitin faifai ya sauya daga yadda aka girka Windows a kansa, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. Muka mayar da shi AHCI, muka gyara agogo, ta tashi. Kwanan wata da ba daidai ba shi kaɗai yana hana sauke sabuntawa da buɗe shafuka. Duk wanda agogon injinsa ke ɓacewa ya fara da wannan batirin, kuɗinsa kaɗan ne.

Mai buga takardu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu wani yaro mai filash na Linux, mun kwashe komai, sai fayil ƙalilan da suka ƙi kwafuwa. Da muka jona faifan da wata kwamfutar, rawaya ya nuna, Malam na Marwa ka faɗi gaskiya. Furosesar Core i3 ce ƙarni na uku. Yanzu shawara nake nema: in canja faifai in koma 10, ko in bi masu cewa Linux?

Mai shagon intanet, Njamena

Yaya, ni injinan shagona da suka tsufa duk Linux Mint na sa musu, mai Xfce, kuma sun samu sabon rai. Shiga intanet, cike fom, kallon bidiyo, babu matsala, da Faransanci da allon AZERTY duk suna nan, firinta da yawa tana gane su ba sai an nemo direba ba. Sai dai ke sana'arki daban ce. Ɗalibi zai kawo rubutunsa da ya tsara a Word, shafi ɗari da teburori da jerin babi, ki buɗe a LibreOffice, madadin Word a Linux, ki ga layi ya zame, shafi ya ƙaru. Idan sun kawo PDF babu damuwa, amma wanda zai ce ki gyara masa kafin bugawa zai ba ki aiki. Ki gwada daga kan filash ɗin da fayilolin kwastomominki na gaske da firintarki kafin ki yanke shawara.

Mai gyara, Marwa

Hajiya, ko wanne za ki bi, SSD za ki saya, wato faifan da ba ya juyawa, mai inci biyu da rabi na SATA, shi ne zai zauna daidai inda tsohon ya fita. Gigabait 256 ya ishe ki. Idan da ramin ƙara ram, ki kai ta 8. Tsohon faifan ki ajiye shi yadda yake, kada a goge, ko za a sake gwada ciro waɗanda suka ƙi.

A ra'ayina ki girka Windows 10, sigar 22H2, ki duba cikin Windows Update ko za ki ga wurin rajistar ƙarin sabuntawar tsaro, wadda Microsoft ta sanar a 2025 cewa ga masu amfani da Windows a gida za ta kai 13 ga Oktoba 2026. Wannan zai ba ki lokacin tara kuɗin injin da ya cancanci 11, ko ki saba da Linux a hankali. Lasisinki kuwa, idan dama ta gaskiya ce, da kin zaɓi irin wadda take da ita, Home ko Pro, za ta kunnu da kanta idan ta hau intanet.

Malamin makaranta, Gidar

Akwai abin da ya shafe mu mutanen nan musamman. Injinan da ke shigowa ta Najeriya ko daga Amurka da Windows ta Turanci suke zuwa, sai mutum ya sauya harshen allo zuwa Faransanci ya manta asalinta. Ranar sabuntawa ya kawo ISO, wato fayil ɗin girka Windows, na Faransanci, sai ya ga zaɓin ajiye manhajoji da saituna ya dushe, ba ya latsuwa. Harshen ISO dole ya dace da wanda aka fara girkawa. Haka nan mai 32-bit ba ya hawa 11 ta hanyar sabuntawa, domin 11 ta 64-bit ce kawai, sai an girka daga farko. Mutane da yawa a wannan allon suke danna ci gaba ba su karanta ba.

Ɗalibi, Dang, Ngaundere

Malam, to yaya ake gane asalin harshen? Kuma ISO ɗin ya ƙi shiga filash ɗina, wai ya yi girma, alhali filash ɗin 16 ne.

Malamin makaranta, Gidar

Ka buɗe baƙin allon umarni a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta dism /online /get-intl, za ka ga harshen tsarin na asali, en-US ko fr-FR. Filash ɗinka kuma FAT32 ne, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ISO na 11 kuwa ya haura 5. Ka kwashe abin da ke ciki ka mayar da shi NTFS ko exFAT idan ajiyewa kawai za ka yi. Idan na tayar da inji kake so, ka bar Rufus ya tsara shi da kansa. Kafin ka ƙona data wajen saukewa ka tambayi 'yan ajinku, da wuya a rasa mai shi, amma ka tabbatar daga shafin Microsoft ya sauke, ba irin wanda aka yi wa ƙari ba.