Injiniyan lantarki a Minna: Bosso ko Gidan Kwano?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. A ina zan kama masa ɗaki, Bosso ko Gidan Kwano? Bai taɓa nisa da gida ba.

Bello: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka. Sashen injiniya yana Gidan Kwano, kan hanyar Bida. Bosso tsohuwar haraba ce cikin gari, tsohuwar kwalejin horon malamai. A 1983 aka kafa jami'ar. Amma ya fara tambayar inda 'yan shekarar farko ke karatu kafin ki biya haya.

Hauwa: Shekara 5 ne fa Mama, a ta huɗu akwai koyon aiki na wata 6. Lissafi shi ne ƙashin bayan karatun, ya riƙe shi tun yanzu.