Kotu ce ta ƙwato wa baƙaƙen Amurka haƙƙinsu, ko su suka ƙwata?

Barista Nura: Jiya Malam Habu ya ce wai kotu ba ta taɓa ba kowa 'yanci ba, hatimi kawai take bugawa a kan abin da mutane suka riga suka ƙwata da guminsu. Na kwana da maganar nan. Malam, ina za ka kai hukuncin Brown na 1954? Alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, babu wanda ya ja, suka ce raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe ya saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya ce doka ta ba kowa kariya daidai wa daida. A lokacin ko ƙauracewar motocin bas da baƙaƙe suka yi a garin Montgomery saboda wariya ba a fara ba.

Malam Habu: Barista, gyaran nan na 14 tun 1868 yake a rubuce. Kotun nan dai ita ce ta karanta shi a 1896, a shari'ar Plessy, ta ce ba laifi a ware wa baƙar fata taragonsa a jirgin ƙasa. Alƙali Harlan kaɗai ya ƙi yarda. Rubutun bai canza ba, shekara 58 sai ga wata fassara. Kuma bayan Brown ɗin me ya faru? Shekara goma cur, yaran baƙar fata da ke aji ɗaya da farare a jihohin Kudu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Gundumar Prince Edward a Virginia rufe makarantun gwamnati ta yi ɗungurungum daga 1959 zuwa 1964, farare suka buɗe wa 'ya'yansu na kuɗi.

Zainab: Malam, to Little Rock fa? A 1957 gwamnan jihar Arkansas, Faubus, ya jibge dakarun jiha a ƙofar wata makarantar farare a garin don kada yara baƙaƙe tara su shiga. Shugaban ƙasa Eisenhower ya aiko sojojin tarayya suka raka su har ciki. Ba don akwai hukunci a ƙasa ba, da wace hujja zai aika soja?

Malam Habu: Yara tara, Zainab. Abin da ya motsa dubbai dokar majalisa ce ta 1964, wadda ta ba gwamnatin tarayya damar datse kuɗi ga duk makarantar da ke wariya. Ita kuma dokar sai da aka ga karnukan 'yan sanda a kan matasa masu zanga-zanga a Birmingham ta jihar Alabama a 1963 kafin ta samu shiga.

Aminu: Ni ba lauya ba ne, amma Barista akwai gyara. Ka nuna kamar ba a fita titi ba kafin Brown. Ƙararraki biyar aka haɗa a shari'ar, ɗaya daga Prince Edward ɗin nan ta fito. Yarinya ce 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta fitar da ɗalibai daga aji a 1951 saboda cunkoso da lalacewar makarantarsu, daga baya lauyoyi suka shigo.

Barista Nura: Na karɓi wannan, Aminu. Amma yajin ɗalibai a gari ɗaya ba ya zama doka a ƙasa baki ɗaya sai ya bi ta gaban alƙali.

Hajiya Rabi: Ina ta karantawa, kuma ina ganin kun haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Akwai 'yancin da ke ce wa gwamnati cire hannunki: kada ki rufe mini baki, kada ki tsare ni ba shari'a. Akwai kuma haƙƙin da ke ce mata sa hannu, ki hana a ware ni a makaranta ko wajen zaɓe. Na biyun yana cin kuɗi da ma'aikata, wani lokaci har soja, kotu kuwa ba ta da ko ɗaya, a nan Malam Habu na da gaskiya. Na farkon fa? Gideon talaka ne a Florida, aka zarge shi da fasa wani gidan wasa, ya roƙi a ba shi lauya aka hana, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar. Daga kurkuku ya rubuta ƙararsa da fensir. A 1963 kotu ta ce dole jiha ta ba wanda ba shi da hali lauya a manyan laifuka. Aka sake shari'a da lauya, aka wanke shi. Wa ya yi masa zanga-zanga?

Malam Habu: Hajiya, Gideon bai tsorata kowa ba. Ranar da aka tsorata fa? Lokacin yaƙin duniya na biyu an kwashe kusan mutum 120,000 'yan asalin Japan aka killace a sansani, yawancinsu 'yan ƙasa ne haifaffu. A 1944 kotu ta amince da korarsu daga gidajensu a shari'ar Korematsu. Wannan ai "cire hannunki" ne tsantsa, kuma ba ta ce ba.

Hajiya Rabi: Wannan tabo ne, ba na musu. Amma a 1943, ana tsakiyar yaƙin nan, kotun ta ce ba za a tilasta wa yaran Shaidun Jehobah sara wa tuta ba, ta warware nata hukuncin na 1940. Su kuwa a lokacin duka ake bin su da shi a titi.

Zainab: Malam, Montgomery kwana 381 mutane suna tafiya a ƙasa, hukumar gari ba ta sauko ba. Sai da umarnin kotu na hana wariya a bas ya iso a Disamban 1956 aka koma bas. Wa za ka ba wannan?

Malam Habu: Masu ƙafa, mana.

Barista Nura: Da ƙafa kaɗai, Malam, a rana ta 382 ma a ƙasa za su tafi aiki.