Hotunan CT biyu sun ƙi tafiya tare

Assalamu alaikum. Ina gina manhajar duba hotunan DICOM (tsarin ajiye hotunan asibiti) da Cornerstone3D (kayan aikin JavaScript na nuna irin waɗannan hotuna), inda likita zai jera CT (hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka) na ƙirji biyu, tsoho da sabo, in ya gungura ɗaya ɗayan ya bi. Kaurin yankan tsohon 5 mm ne, na sabon 1.25 mm. Da na haɗa su da lambar yanka, tsohon ya kai hanta sabon yana saman huhu. Na koma ImagePositionPatient (bayanin da ke nuna matsayin kowane yanka a jikin majiyyaci), tafiyar ta daidaita, amma tazarar kusan 30 mm ta ƙi gushewa saboda FrameOfReferenceUID ɗinsu (lambar da ke nuna tsarin auna wuri na kowane hoto) daban ne. Ƙullin da likita ke bibiya a ƙirjin majiyyacin ba ya fitowa tare a hotunan biyu, kuma shi ne amfanin aikin gaba ɗaya.

Yaya zan yi likita ya saita su da hannu sau ɗaya, manhajar ta riƙe tazarar?