Ya dace in ɗora bayanan injin motata kowa ya gani?

Mai Golf: Salam 'yan uwa. Wani oga ya taɓa min ƙwaƙwalwar Golf GTI ɗina ya ƙara mata ƙarfi, jiya na jona na'urar duba inji ta OBD2 na ɗauki bayanan inji, sai na ga da zarar juyin inji ya haura 4000 a minti tana rage wuta kamar inji na ƙwanƙwasa. Ina so in ɗora fayil ɗin nan a duba min amma ina gudun kar ya ce na tona masa asiri.

Tsohon Bakanike: Ɗan uwa bayanan motarka naka ne, amma fayil ɗin saitin da ya rubuta guminsa ne, wannan kam kar ka raba. Kuma ka fara tura masa tukuna, wataƙila ma man da ka sha ne ba shi da kyau, ba aikinsa ba.

Direban Dare: Ka goge lambar chassis mai harafi 17 ɗin nan, da GPS in manhajarka na ɗauka, ni na taɓa ɗorawa wallahi har ƙofar gidanmu ta fito a taswira 😅

Mai Golf: Kai! Allah ya kiyaye, ban ma lura ba. Bari in kira ogan da safe.