Kontak ko lantarki: wane tsarin wuta ya dace da Chevrolet C10 ta 1970?

Baban Hauwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan akori-kurata, Chevrolet C10 ƙirar 1970 mai injin 350, silinda takwas. An gama aikin jiki da fenti, an sauke injin an sauya masa ringi da bawul, an kuma wanke kafireta, abin da ya rage shi ne distiributa, wato mai raba wuta ga fulogogi, wadda har yanzu ita ce ta asali mai kontak da kwandansa. Motar tana tashi, amma da sanyin safiya sai an daɗe ana murza makulli, kuma silonta ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Hanyoyi uku aka nuna mini: in saka 'yar na'urar lantarki ta Pertronix a gurbin kontak, ko in cire distiributar gaba ɗaya in saka HEI, wato cikakkiyar distiributar lantarki, ko kuma in ƙara akwatin MSD mai ƙara ƙarfin tartsatsi. Ba tsere nake yi da ita ba, doguwar tafiya ce jefi-jefi da ɗaukar kaya marasa nauyi. Ina so duk wanda ya ɗaga bonet ya ga injin kamar yadda ya fito daga kamfani, amma kada motar ta tsaya da ni a hanya ya fi mini wannan muhimmanci. Wanne za ku ba ni shawara a kai?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, ina so ka san iyakar aikin da na'urar lantarki za ta yi maka. Kontak ba kome ba ne illa makunni da ke buɗewa yana rufewa, kuma duk lokacin da ya buɗe sai wutar koyil ta yanke, koyil ɗin ya harba tartsatsi zuwa fulogi. Na'urar lantarki wannan makunnin kaɗai take maye gurbinsa, ta hanyar maganadisu da wani ɗan firikwensin da ba ya gogar komai, saboda haka ba ya cinyewa. Sauran aikin distiributa, wato matso da lokacin wuta gaba idan injin ya ƙara gudu, yana nan a hannun ƙarafa biyu masu sifirin da ke ƙarƙashin rota, da kuma ɗan gwangwanin gefe wanda zuƙar iskar injin ke ja. Idan waɗannan sun lalace, ko da ka saka na'urar da ta fi kowace tsada, motar ba za ta sake zani ba.

Ga gwajin da nake so ka yi. A jikin murfin distiributarka akwai 'yar taga ta ƙarfe da ake turawa sama, ta nan ake zura makulli mai kusurwa shida a saita kontak injin yana aiki. Ka haɗa mitar auna kusurwar rufewar kontak, ka saita ta a digiri 30, sannan ka taka totur a hankali kana kallon allurar. Idan ta tsaya ko ta motsa kaɗan, sandar distiributar lafiya lau take. Idan kuwa tana kai da kawowa, to bushin ya cinye, sandar tana lilo. Bayan haka ka kashe injin, ka cire murfi, ka kama rota ka murɗa ta da yatsu zuwa inda take juyawa: ya kamata ta ɗan tafi sannan ta dawo da kanta da zarar ka saki. Wadda ta maƙale, tsatsa ko busasshen giris ya kama ƙarafan. Gwangwanin kuma, ka zuƙi tiyonsa da baki ka toshe da harshe. Idan farantin da kontak ke kai bai motsa ba, ko ya motsa ya koma, fatar ciki ta huje.

Idan duk wannan ya yi kyau, ko ka gyara shi ya yi kyau, ra'ayina shi ne ka saka Pertronix. Tana ɓoye a ƙarƙashin murfin asali, babu abin da zai nuna a waje sai waya ɗaya da ta ƙaru. Ka ajiye tsohon kontak da kwandansa a cikin motar, domin ranar da na'urar ta mutu za ka iya mayar da su a gefen titi.

Mai Rewaya ya amsa:

Abin da Baba Tsohon Bakanike ya faɗa daidai ne, sai dai akwai wani abu a ɓangarenmu na wayoyi da yake kayar da mutane da yawa, kuma ya shafi dukkan hanyoyin da ka lissafa. Wayar da ke kawo wuta daga makulli zuwa koyil a irin motarka ba waya ce ta yau da kullum ba. An yi ta ne musamman don ta rage ƙarfin wuta, saboda kontak ba ya jure cikakkiyar wutar batir na dogon lokaci, ƙonewa yake yi. Injin yana aiki, abin da ke isa koyil bai fi volt 7 zuwa 9 ba. Lokacin tayarwa ne kawai wata waya ta daban, daga jikin sitata, take tsallake ta ta kai cikakkiyar wuta, shi ya sa idan wayar mai rage wuta ta tsinke za ka ga mota ta tashi ana murza makulli, ana saki kuma ta mutu.

HEI ba ta son ragaggiyar wuta ko kaɗan, volt 12 cif take buƙata. Idan aka haɗa ta da tsohuwar wayar, za ta iya tashi har ta yi silo mai kyau, amma da an ɗora mata nauyi ko an hau tudu sai ta fara tari, a zargi kafireta ba laifinta. Pertronix ma ta fi aiki da cikakkiyar wuta a jar wayarta. Kuma a kula da yadda ake aunawa: idan ka cire wayar daga koyil ka ɗora mata mita, volt 12 za ta nuna maka, domin wayar ba ta rage komai sai wuta tana bi ta cikinta. Dole ne a auna injin yana aiki, ko kuma kontak yana rufe. Maganin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri daga akwatin fis, daga layin da yake da wuta lokacin murza makulli da kuma bayan an saki, ko a saka rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, tsohuwar wayar ta riƙa kunna shi kawai.

Sai batun koyil. Samfurin farko na Ignitor, wato na'urar Pertronix ɗin, a injin silinda takwas yana son koyil mai om 1.5, kuma idan aka bar makulli a buɗe injin ba ya aiki, yana iya yin zafi ya ƙone. Ignitor II yana kashe kansa a irin wannan hali, yana kuma aiki da koyil mai om 0.6, amma ba ya shiri da wayoyin fulogi masu zallar ƙarfe a ciki. Kada a gauraya su: koyil mai ƙarancin om a kan samfurin farko ƙona shi zai yi.

Injiniya C10 ya amsa:

Da izinin Baba, ni na bambanta da shi. Mai tambaya ya ce kada motar ta tsaya masa a hanya shi ne kan gaba, kuma a kan wannan ma'auni HEI ce zaɓina. Kamfanin General Motors ne ya ƙera ta, ta fara fitowa a 1974, daga 1975 kuma ta zama ita ce ake sakawa a motocinsa, saboda haka kayan gyaranta ba su da wuyar samu, kuma kowane bakanike da ya san waɗannan injina ya san cikinta. Koyil yana cikin murfi, waya ɗaya ce ke kai mata wuta, na'urar da ke ciki kuma sukurori biyu ne ke riƙe da ita. Tartsatsinta ya fi ƙarfi, shi ya sa ake buɗe bakin fulogi daga inci 0.035 zuwa 0.045, kuma hakan yana taimakawa wajen tashin safe.

Tana da nata lahanin, ba zan ɓoye ba. Murfinta ƙato ne, kuma distiributar wannan injin a baya take, dab da bangon da ya raba injin da direba, don haka sai ka auna wurin da kuma tazarar matatar iska kafin ka saya. Sai ka sauya wayoyin fulogi domin bakinsu ya bambanta, kuma duk wanda ya san mota yana ganinta zai gane ba ta 1970 ba ce. Idan tsohuwa za ka ɗauko daga wata motar, ka nemi mai gwangwanin iska a gefe da na'ura mai ƙafa huɗu. Wadda ba ta da gwangwani kwamfutar mota ce ke sarrafa ta, ba za ta yi maka aiki ba. Ka duba siraran wayoyi biyu da ke fitowa daga zoben maganadisu, suna karyewa a cikin roba saboda yawan lanƙwasawa. Kuma kada a ɗaura na'urar ba tare da an shafa man ɗauke zafi a ƙasanta ba, zafi ne ajalinta.

Baban Hauwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwaje-gwajen da Baba ya ce. Allurar ba ta motsi sosai, rota tana dawowa, amma gwangwanin ba ya riƙe iska. Na kuma auna wutar koyil injin yana aiki, ta yi ƙasa kamar yadda Malam Mai Rewaya ya bayyana. Babu wanda ya ce komai a kan MSD, ko babu amfaninta a wurina ne?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Akwatin MSD 6A yana tara wuta ya harba tartsatsi da yawa a jere idan injin bai kai juyi 3,000 a minti ba, kuma amfaninsa yana bayyana ne a injin da aka yi wa aikin tsere, wanda yake jiƙa fulogi a silo. Naka ba haka yake ba. Bayan haka ma akwatin yana buƙatar abin da zai ba shi umarni, wato dai sai ka koma kan distiributa, ga ƙarin wayoyi da neman wurin ɓoye shi.

Tunda sandarka lafiya take, ban ga dalilin cire distiributar ba, ko da yake hujjar Injiniya a kan samun kayan gyara ba ta wasa ba ce. Hujajjen gwangwanin nan kuwa, idan tiyonsa yana haɗe da inda ake zuƙar iska a silo, yana shigar wa injin iskar da kafireta ba ta auna ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana silo tsayawa. Ka fara sauya shi, ka tuƙa motar da kontak ɗinta ka ji bambanci, sannan ka saka Ignitor II da koyil ɗinsa da sabuwar wayar. Bayan sakawa taimin, wato lokacin harba wuta, zai gusa, sai an sake saita shi da fitilar taimin, an cire tiyon gwangwani an toshe. Ka tabbatar alamar da ke jikin fulin gaba ta yi daidai da lokacin da fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, domin robar tsohon fuli tana sakewa alamar ta zame. Injin 350 mai kan silinda na asali yakan so jimlar taimin digiri 34 zuwa 36 idan ya kai kusan juyi 3,000, amma idan ka ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa da kaya, ka rage digiri biyu ka sake gwadawa.